Nazarin Lamari: Maijego Mai Haki da Abin da Hoton Zuciya Ya Gano

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar shekara 24 ce, daga wani ƙauye na bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. An sakaya sunanta da na garinsu. Haihuwarta ta uku ke nan, a gida ta sauka a hannun ungozoma, aka samu ɗa namiji lafiyayye. Sau ɗaya tak ta je awo, cikin yana wata takwas. A katin awon an rubuta jininta ya kai 150/100, ƙafafu sun kumbura, an ba ta magani an ce ta dawo bayan mako guda. Ba ta koma ba, don ƙarshen damina ne, ruwa ya yanke hanyar da babur ke bi.

Har aka yi suna aka watse ba ta kuka da komai sai gajiya, wadda kowa ya ɗauka ta jego ce. Tana wankan ganye safe da yamma, tana shan kunun kanwa kamar yadda ta yi a haihuwa biyun baya. A mako na uku tari ya fara, busasshe, mai tashi da dare. Sai haki ya biyo baya: daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa bango. Daga nan ta daina iya kwanciya. Da zarar bayanta ya taɓa katifa numfashi ya ɗauke, ta miƙe zumbur tana neman iska. Sama da mako guda a zaune take barci.

Mijin, manomin shinkafa ne, ya fara da inda kowa ke farawa, wato kemis. Aka ce asma ce ta taso mata, ko da yake ba ta taɓa yin asma ba. Aka ba ta ƙwayar salbutamol da maganin tari, aka yi mata allurar diklofenak da deksametason. Salbutamol na ƙara wa zuciya gudu, sauran biyun kuwa suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Da abin ya ci tura sai wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda aka ɗebi jini aka ce taifot ne da maleriya, aka ɗaura mata ƙarin ruwa leda biyu a jere. A daren ne ta fara tarin kumfa mai ratsin jini. Da asuba aka yi shatar mota aka kawo ta Birnin Kebbi, kwana 34 da haihuwa.

Ba na ganin laifin mijin. Duk inda ya je ya biya abin da aka ce ya biya. Abin takaicin shi ne a wuraren nan biyu ba wanda ya yi mata tambayar da ba ta cin ko sisi: kina iya kwanciya ki miƙe? Mai taifot na kwanciya. Maijegon da ta ce sai a zaune take samun numfashi, zuciyarta ake fara tuhuma, kuma ba a ɗaura mata ruwa sai an wanke zuciyar.

Halin da ta iso ciki

Zuciya na bugawa 124 a minti, numfashi 32, awon jini 100/70, ba zazzaɓi. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna oksijin 88 cikin 100, alhali na mai lafiya daga 95 ne zuwa sama. Jijiyoyin wuya sun tashi ruɗu-ruɗu ko tana zaune. Ana jin ƙarar ruwa a ƙasan huhu biyu, hanta ta sauko ƙasa da haƙarƙari tana zafi in an taɓa, ƙafafu sun kumbura har gwiwa, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Duk da kumburin nauyinta kilo 47 ne, don ƙaramar mace ce ramammiya. Jininta ya yi ƙasa, awon yawan jini (PCV) ya nuna 29, amma bai kai ƙasan da zai jefa mutum cikin wannan hali shi kaɗai ba.

Aka zaunar da ita, aka sa oksijin, aka yi allurar furosemid ta jijiya, wanda aka fi sani da Lasix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, aka sa robar fitsari don a riƙa auna abin da ke fita. Wannan bai jira wani hoto ba, kuma bai kamata ya jira ba. Hoto na tambaya ta gaba ne: me ya sa zuciyar ta gaza? ECG ɗin da aka yi, wato rubutun wutar da ke motsa zuciya, gudu kawai ya nuna, bugun a jere yake bai rikice ba.

Hoton ƙirji

Ƙa'idarsa ita ce mutum ya tsaya, ya manna ƙirji da allo, hasken ya shigo ta baya, ya ja numfashi ya riƙe. Ita ba ta iya tsayuwa, balle riƙe numfashi, don haka a zaune aka ɗauka, hasken ta gaba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Zuciya a gaban ƙirji take, in hasken ya zo ta gaba sai ta yi nisa da allon, inuwarta ta fi ainihin girmanta. Shi ya sa mai karanta fim ke fara duba kusurwarsa ya ga ta ina aka ɗauka kafin ya ce zuciya ta kumbura. A hoton da aka ɗauka bisa ƙa'ida, faɗin zuciya bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Nata ya kusa cinye kashi biyu cikin uku, wanda ya wuce a ɗora wa yanayin ɗauka. Huhu biyu sun yi hazo daga tsakiya, ruwa ya ɗan taru a ƙasan na dama. Ba tabon tarin fuka a saman huhu, ba dunƙulen nimoniya.

Iyakar abin da hoton ƙirji zai iya faɗa ke nan, domin inuwa yake nunawa, ba ya leƙa cikinta. A wajenmu, in ka ga katuwar inuwar zuciya a jikin mace mai ƙuruciya, abu uku ke zuwa maka a rai. Ko tsokar zuciyar ce ta saki ta buɗe. Ko zuciyar ƙalau take, ruwa ne ya cika jakar da ke lulluɓe da ita, wanda a nan tarin fuka ne ya fi kawo shi. Wannan ana zuƙe ruwan ne da allura in ya matse zuciya, a bi da maganin tarin fuka na wata shida, kuma yawan Lasix na iya kayar da mai shi. Ko kuwa ɗaya daga ƙyauren zuciya ne ya ƙanƙance tun daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, ya ɓoye shekara da shekaru sai nauyin ciki ya tona shi. Wannan ƙarshensa aikin tiyata ne. Ukun nan inuwarsu na iya kama da juna, maganinsu kuwa hanya uku ce daban.

A daren farko likitan da ke bakin aiki ya jawo injin sikanin na masu ciki, ya ɗora kansa a ƙasan ƙashin ƙirjinta ya karkata shi sama. Ba don zuciya aka yi wannan kan ba, hoton ma bai fito tas ba, amma cikin 'yan mintuna an ga babu tafkin ruwa kewaye da zuciya, kuma da ƙyar take matsewa. Wannan ya isa a ci gaba da Lasix hankali kwance. Injin sikanin ciki ya yaɗu a garuruwanmu, har wuraren da ba su da likitan zuciya. A ganina koya wa likitoci wannan ɗan leƙe zai tsare rayuka fiye da sayo manyan injuna da ba mai sarrafa su.

Eko

A rana ta uku ruwa ya ragu har tana iya kishingiɗa, aka kai ta ɗakin eko, wato sikanin zuciya. An rage hasken ɗakin. Ta kwanta a gefen hagu, hannun hagu a ƙarƙashin kai, don haka ne zuciya ke matsowa kusa da haƙarƙari, huhu ya kauce. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa da ita tana gyara mata mayafi, da tsumma a hannu saboda nono na zuba. Aka shafa jel, ta ɗan zabura don sanyinsa, aka ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙari gefen ƙashin ƙirji, daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin nonon hagu inda tsinin zuciya yake bugawa.

Babu hasken eksire a eko. Sauti ne da ya fi ƙarfin kunne, mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, ana aika shi ciki ya daki tsoka ya dawo, na'ura ta mai da amsar hoto mai motsi. Shi ne dai sikanin da ake yi wa masu ciki, kan na'urar ne ya bambanta. A 1953 aka fara gwada shi a kan zuciya a garin Lund na ƙasar Suwidin, inda likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro na'urar da ake binciken tsagar ƙarfe da ita a wurin ƙera jiragen ruwa.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, kuma na ƙasa ta hagu shi ne mai tura jini zuwa duk jiki. A mace mai lafiya faɗinsa in ya cika ba ya wuce santimita 5.2 ko kusa da haka. Nata 6.1 ne. Bangonsa bai yi kauri ba, wanda ke nuna ba tsohon hawan jini ne ya gajiyar da shi ba. Abin da ido ke fara kamawa shi ne motsi: a lafiyayyar zuciya bango biyu na rugowa juna da kowane bugu, a tata kuwa ɗan girgiza kawai suke yi su koma, kuma ko'ina haka, ba sashe ɗaya ba. Likitan ya tsayar da hoton lokacin da ɗakin ya cika, ya zagaye shi da layi, na'ura ta ba da mililita 160. Ya sake tsayarwa bayan ya matse, ta ba da 117. Ke nan 43 kawai ke fita cikin 160, kashi 27 cikin 100. Wannan kason shi ake rubutawa EF a takardar sakamako, kuma na mai lafiya daga wajen 55 ne zuwa 70.

Da mijin ya shigo aka nuna masa, ya daɗe yana kallo kafin ya ce, “Likita, mi anka gani?” Na ce masa, “Malam, ka san injin ban-ruwa in ya rasa ƙarfi. Yana ta ƙara, yana cin mai, amma abin da ke fita a tiyo kaɗan ne, ruwan yana nan kwance a baya. Ruwan da ya kwanta a baya shi ne a huhunta da ƙafafunta. Gudun da zuciyar ke yi kuwa ƙoƙarin cike giɓi ne.” Ya gyaɗa kai. Da aka kunna launi, ja da shuɗi suka cika allon, sai ya tsorata: “Wanga shuɗin fa, jinin nata ne ya ɓaci?” Tambaya ce da kusan kowa ke yi. Launin ba ruwansa da kyau ko munin jini. Ja na nufin jinin na tahowa wajen kan na'ura, shuɗi yana tafiya nesa da shi. Wannan shi ne Dofla, kuma da shi aka ga ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu yana yoyo baya. Amma ganyen ƙyauren sirara ne, suna buɗewa sosai, ba tabo. Bakin ƙofar ne ya faɗaɗa da ɗakin ya buɗe, har ganyen suka kasa haɗuwa. Wannan ya kore ciwon ƙyaure na yarinta.

An daɗe ana duba tsinin ɗakin hagu ta kusurwa daban-daban. Inda jini ke tafiya a hankali yana daskarewa, kuma gudan jini in ya ɓalle daga nan kai tsaye ƙwaƙwalwa yake nufa, ya bar mace da shanyewar ɓarin jiki. Ba a ga komai ba.

Sunan ciwon, da batun kanwa

Gazawar tsokar zuciya ce ta lokacin haihuwa, wadda likitoci ke taƙaitawa PPCM. Sharuɗɗanta su ne ta bayyana a ƙarshen ciki ko cikin watannin da ke bin haihuwa, EF ya gaza 45, kuma a rasa wani dalili. Sharaɗi na biyu da na uku eko ne ke tabbatar da su, shi ya sa ba a yanke wannan hukunci da abin sauraren ƙirji kawai.

Yankinmu na cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ya fito a 2007, ya samu kusan mace 1 a haihuwa 100. Rajistar da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wadda sakamakonta ya fito a 2020, ta samu 1 cikin 96 a Kano. A Amurka ana maganar 1 ne cikin 1,000 zuwa 4,000. Alƙaluman namu na manyan asibitoci ne, inda masu tsananin ciwo ke taruwa yayin da mafi yawan mata ke haihuwa a gida, don haka suna iya zarce gaskiyar abin da ke cikin gari. Ko an rage, tazarar tana da yawa.

Uwar mijin, wadda ke jinyarta, ita ta kawo maganar da kanta: “Likita, mu dai sanyi munka ɗauka. Ko wankan ne bai karɓe ta ba?” Da gani ta kwana da tsoron kada a ce ita ta jawo. Zargin yana da tarihi. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta gazawar zuciyar masu jego da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Hujjarsu ba ta banza ba ce, domin kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri mai sa jiki riƙe ruwa. Sai dai rajistar da aka ambata ba ta samu cewa waɗannan al'adu ne ke haddasa ciwon ba. Abin da ta fi gani tare da shi shi ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin ciki. An kuma samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga masu ciwon a Kano. Matar nan tana da rama, tana da hawan jinin ciki da ba a bi ba.

Abin da na gaya wa tsohuwar shi ne, “Inna, ba ke kika sa mata ba. Ta yi wankan nan sau biyu a baya lafiya lau. Amma yanzu da zuciyar ta yi rauni, kanwa da gishiri da dunƙulen miya nauyi ne a kanta, a ajiye su. Wanka kuma da ruwa mai ɗumi, a zaune, don magungunan da za ta sha suna sauke jini, ruwa mai tsananin zafi na iya yar da ita.” Na ga likitocin da ke yi wa iyaye tsawa kan kanwa. Abin da hakan ke haifarwa shi ne a ci gaba da damawa a ɓoye.

Ƙafar hagu

Zuwa rana ta biyar ƙafar dama ta saɓe, ta hagu ta ƙi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura lokacin gyaran gado, ta ɗauko tef ta auna sha-raɓa biyu a wuri ɗaya: ta hagu ta fi da santimita 4, kuma tana zafi in an matsa. Kumburin zuciya ƙafa biyu yake kamawa tare. In ɗaya ta ware, gudan jini ake nema. Maijego dama jininta na saurin daskarewa a makonni shida na farko, ga zama wuri ɗaya, ga zuciya mai rauni, kuma a masu ciki da masu jego ƙafar hagu ce ta fi kamuwa.

Sikanin jijiyar ƙafa abu ne mai sauƙin fahimta. Jijiya mai dawo da jini bangonta laushi gare shi, in mai hoto ya danna kan na'ura a kanta sai ta lanƙwashe ta rufe ruf, yayin da mai kai jini da ke gefenta ke nan zagaye tana harbawa. An danna a matsematsi, ta rufe. An sauko tsakiyar cinya, ta rufe rabi. A bayan gwiwa ta ƙi rufewa sam, cikinta ya yi toka-toka maimakon baƙi, kuma da aka kunna launi ba abin da ke wucewa. A ranar aka fara allurar hefarin a fatar ciki, aka haɗa da ƙwayar wafarin, duka biyun masu hana jini daskarewa. An kuma hana tausar ƙafar, wadda uwar mijin ta riga ta fara da man zafi.

A nan ne wani ƙanin mijin da ke aiki a Abuja ya bugo waya, ya ce a bar wasa, a kai ta a yi mata hoton manyan injunan nan, CT ko MRI, zai taimaka da kuɗi. Niyyarsa mai kyau ce, kuma tambayar tana da tushe: gudan jinin ƙafa na iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu, kuma CT da ake yi da allurar rini mai ayodin shi ne ke nuna hakan. Amma kafin a tura marar lafiya kowane hoto, ana tambaya: in ya nuna, me za mu canja, in bai nuna ba, me za mu canja? Ko guda ya kai huhu ko bai kai ba, maganin da aka fara shi ne dai maganin. Numfashinta kullum sauƙi yake yi, awon jininta a tsaye, ɓangaren dama na zuciya bai nuna alamar toshewa a gabansa ba. CT zai ƙara mata hasken da ya ninka na hoton ƙirji fiye da sau 50, a kan nonon mace mai shayarwa, da rini mai wahalar da ƙoda a jikin da ake tatsar ruwa da Lasix. MRI ba shi da wannan haske, kuma yana nuna tabo a tsokar zuciya fiye da eko, amma yana buƙatar mutum ya kwanta ɗoɗar na tsawon lokaci yana riƙe numfashi, kuma an fi nemansa in eko ya bar shakka. Nan bai bari ba. Hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kanta, wanda ake zura siririyar roba ta hannu ko cinya, na wanda ake zargin toshewar jijiya ne, galibi mai shekaru da ciwon ƙirji ko ciwon suga. Muka ce wa ƙanin ya riƙe kuɗinsa, za a neme su wajen magani na watanni da eko na biyu. Da a ce jininta ya faɗi kwatsam ko oksijin ya sake zubewa, da lissafin ya canja.

Sallama

An sallame ta bayan kusan mako biyu, a kan magungunan zuciya, wato furosemid, enalafiril, sifironolakton, da kabedilol wanda aka fara da ɗan kaɗan bayan huhu ya bushe, sai wafarin da maganin ƙarin jini. An bar ta ta ci gaba da shayarwa. Akwai maganin buromokiriftin da wasu ke ƙarawa a wannan ciwo, amma yana ƙafar da nono, kuma jariri ɗan wata ɗaya a ƙauyen da ruwan rijiya ake sha, ba kuɗin madarar gwangwani, raba shi da nono hatsari ne na zahiri. Wafarin na buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ganye irin su zogale da alayyafo na rage masa ƙarfi. Ba a hana ta ci ba, an ce dai kada ta yawaita yau ta daina gobe, kuma ba jiƙo, ba diklofenak.

Maganar tazarar haihuwa ba ta jira ba, saboda wafarin da enalafiril duka suna illata ɗan tayi. Ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba nata ba ne, don suna ƙara daskarewar jini. Ashanar hannu, wadda ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, aka ba da shawara. Mijin ya ce zai yi tunani.

Eko na biyu

Ta zo asibiti sau biyu, sai aka daina ganinta. Da ta sake bayyana wata shida sun cika, ta yi ƙiba, yaron na goye. Wafarin kawai ta riƙe, don an tsoratar da ita a kansa, tana gwajin jinin a wani ɗakin gwaji kusa da su. Sauran ta ajiye kusan wata guda. Ba a sa ashanar ba. Ta ce, “Ni kam na warke, Likita. Har daka nika yi.” Gaskiya ta faɗa. Huhu fes, ƙafa ba kumburi, bugu 84. Da kunne da hannu kawai za a duba ta, da an sallame ta.

Gwajin ciki aka fara yi, babu. Sannan eko: faɗin ɗakin hagu ya sauko 5.6, yoyon ƙyaure ya ragu, ba gudan jini, EF 41. Ci gaba ne na gaske, amma da sauran rina a kaba. Jikin mai ƙuruciya na iya ɓoye raunin zuciya muddin ba a ɗora masa kaya ba, ciki kuwa yana ƙara yawan jini da kusan rabi. Matar da EF ɗinta bai koma 50 ba, wani cikin na iya mai da ita inda ta fito ko ya wuce nan, har da rasa rai, kuma dole a janye mata wasu magungunan da ke riƙe da ita. Ko wadda ta koma daidai ba a ba ta tabbaci, sai dai hatsarinta ya fi sauƙi. Don haka a wurina eko na biyu ya fi na farko nauyi. Na farko ana yin sa ne dole, mace na haki kowa na gani. Na biyu ana neman kuɗinsa da na mota ne a kan mace mai daka da ɗiban ruwa, kuma shi ne wanda iyalai suka fi tsallakewa.

Takardar ekon farko ta ɓata a gida, sai da aka tono kwafi a fayil. Ba don haka ba da ba abin da za a gwada 41 da shi. Awon EF ma kansa yana iya bambanta da maki biyar ko fiye tsakanin mai aunawa da wani, shi ya sa ake son a maimaita a wuri ɗaya in da hali, kuma a haɗa shi da faɗin ɗaki da abin da ido ya gani. Mijin ya ɗauki takardun biyu a wayarsa.

An sa hotunan biyu gefe da gefe aka nuna masa, na da da na yanzu. Ya ga bambancin da kansa, ya kuma ga bangon bai kai ga rugowa ba tukuna. Ya ce, “To har yaushe za ta zauna hakanan?” Na ce ba ni da rana. Yawancin masu farfaɗowa suna yi ne a wata uku zuwa shida na farko, wasu suna ci gaba har shekara biyu, wasu suna tsayawa a inda suka kai, kuma wadda ta fara da EF ƙasa da 30 da ɗaki mai faɗin santimita 6 tana cikin waɗanda tafiyarsu ta fi tsawo. Ita ce ta katse shirun, ta ce a sa mata ashanar yau, tana da uku da za ta raina. Bai musa ba.

Sikanin ƙafa ya nuna jijiyar ta buɗe tana rufewa in an danna, aka tsayar da wafarin. An mayar da ita kan magungunan zuciya daga ƙaramin awo, za a riƙa ƙarawa a hankali, an kuma rubuta eko na uku bayan wata shida. Tana da ƙanwa mai cikin fari a wani ƙauye kusa da Gwandu. Tunda wani kaso na wannan ciwo yana bin jini, an ba su takarda ta kai wa masu awo, a riƙa duba hawan jininta, in ta fara haki ko ta kasa kwanciya a turo ta eko kafin a ɗaura mata ruwa.